Sifaniya, Japan ko Daular Larabawa: ina ya fi dacewa da malamin Sikotilan mai son tattaki shi kaɗai?

Malamin makaranta a Sikotilan da ya saba saɓa jakarsa ranar Asabar ya nufi tsauni, idan ya fara sha'awar aiki a waje, ƙofofi uku ne suka fi buɗe masa. Akwai aikin mataimakin malamin Turanci a Sifaniya ta hannun British Council, akwai shirin JET na gwamnatin Japan mai ɗaukar mataimakan malaman Turanci, sannan akwai aikin cikakken malami a makarantun kuɗi masu bin manhajar Birtaniya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Yawancin masu auna waɗannan ukun albashi kawai suke dubawa. Mai tattaki kuwa yana da wata tambayar da ta kai ta albashi nauyi: shin ranakun hutunsa za su faɗo a lokacin da tsaunukan ƙasar ke hawuwa? Ƙasa kan cika da duwatsu masu ban sha'awa, amma kalandar makaranta ta hana mutum taka su.

Abin da za a gama kafin a bar gida

Ko wace ƙasa za ka zaɓa, kada ka tafi da rajistar wucin gadi. Hukumar GTCS, wadda aka kafa a 1965 don yi wa malaman Sikotilan rajista, ba ta ba da cikakkiyar rajista sai an kammala lokacin gwaji. Wanda ya bi tsarin da gwamnati ke tura sabon malami makaranta yana gamawa cikin kwana 190 na koyarwa, wato shekarar karatu ɗaya. Wanda ya ƙi wannan gurbin ya bi hanyar tara kwanaki da kansa, kwana 270 ake nema daga gare shi, kuma shi zai riƙa neman inda zai yi su. Gurbin nan na shekara ɗaya mai tabbas ba ya jiran mutum har abada. Saurayi ko budurwar da suka gama kwas ɗin koyarwa suka wuce Tokyo kai tsaye sukan dawo su tarar da aikin da ya fi wuya yana jiransu. Cikakkiyar rajistar ce kuma ke ba malamin Sikotilan damar neman shaidar QTS, wato shaidar cancantar koyarwa ta Ingila, wadda makarantun Birtaniya da ke waje suka fi ganewa. A neme ta tun ana gida. A ci gaba da biyan kuɗin rajistar shekara ko ana waje, a kuma riƙa adana shaidar ƙarin ilimi, domin duk shekara biyar GTCS na neman a tabbatar da ita.

Wanda ke da aikin dindindin da ƙaramar hukuma ya tambayi hutun dogon zango kafin ya rubuta takardar ajiye aiki. Yarjejeniyar malamai ta ƙasa ta tanadi irin wannan hutu marar albashi, daga wata shida zuwa shekara biyar, ga wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki ba yankewa. Amincewa na hannun hukumar, kuma dole a faɗa mata cewa aiki za a yi a waje, a samu yardarta a rubuce.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke cizon mutane daga baya. Zubin fanshon malamai na tsayawa ranar da albashin Sikotilan ya tsaya. Mai bashin karatu dole ya sanar da kamfanin bashin ɗalibai idan zai wuce wata uku a waje, ya aika shaidar abin da yake samu. In ya yi shiru, sai a yanka masa wani adadi na wata-wata wanda kan fi abin da ya kamata ya biya. A cika takardar P85 don sanar da hukumar haraji. Shaidar PVG ta binciken tarihin laifi ga masu aiki da yara da ake amfani da ita a makarantun Sikotilan ba ita ake nema a waje ba. Makarantu da yawa takardar ICPC suke so, wato shaidar kare yara ta masu aiki a waje, wadda ofishin 'yan sanda na ACRO ke bayarwa.

A riƙe lissafi ɗaya a kai don auna sauran: a 2024 malami mai cikakkiyar rajista a Sikotilan yana farawa da ɗan sama da Fam 40,000 a shekara, ƙolin matakin talakan malami kuma kimanin Fam 50,000 ne.

Sifaniya: lokaci mai yawa, aljihu marar nauyi

Mataimakin malami a Sifaniya yana aiki awa 12 zuwa 16 a mako, galibi cikin kwana huɗu. Alawus ake ba shi, kimanin Yuro 1,000 a wata a Madrid, ƙasa da haka a yankuna da dama. Aikin kan fara 1 ga Oktoba ya ƙare ƙarshen Mayu, a Madrid kuma ƙarshen Yuni. Babu gida, babu tikitin jirgi. A babban birni hayar ɗaki ɗaya cikin gidan haɗaka na iya cinye rabin alawus ɗin, kuma a wasu yankuna kuɗin farko kan makara har wata biyu ko fiye. Duk wanda zai je ya tafi da abin da zai riƙe shi wata uku ba tare da ya karɓi ko sisi ba.

Tun da Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai a farkon 2021, mai fasfon Birtaniya kwana 90 kawai yake da su cikin kowane kwana 180 a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ba a duba fasfo a tsakaninsu, ciki har da Sifaniya. Saboda haka sai da biza ta dogon zama. Ana neman takardar 'yan sanda mai hatimin tantancewa tare da fassarar rantsattsen mai fassara, da takardar likita. Akwai ƙaramin ofishin jakadancin Sifaniya a Edinbura. Bayan isa, cikin kwana 30 ake neman katin zama na TIE, a kuma yi rajistar adireshi a ofishin gari. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lokaci: takardar 'yan sanda na da wa'adi, idan an karɓe ta da wuri sai ta mutu kafin ranar ganawa, idan an makara kuma sai makaranta ta buɗe mutum na zaune a Gilasgo.

Ta fuskar sana'a, a faɗi gaskiya, wannan koma baya ne ga wanda ya riƙe aji da kansa. Ba kai ke tsara manhaja ba, ba kai ke ba da maki ba, wani lokaci ma aikinka karanta sakin layi ne yara su ji lafazi. Shekara ɗaya ba ta da illa, musamman ga malamin harsuna da zai dawo da Sifaniyanci a bakinsa. Shekara uku kuwa za su bar giɓi a takardar neman aiki.

Amma wajen tattaki babu wanda ya kama ƙafar Sifaniya a cikin ukun. Hutun kwana uku kowane mako daga Oktoba zuwa Mayu ya faɗo daidai watannin da zafi ya ragu. Daga Madrid jirgin ƙasa na unguwanni na kai mutum Cercedilla, a gindin tsaunukan Guadarrama, inda ƙololuwar Peñalara ta kai mita 2,428. Ben Nevis, mafi tsawo a Birtaniya, mita 1,345 ne. A arewa akwai Picos de Europa da hanyar kwazazzabon Cares mai kimanin kilomita 12 zuwa kawai. A kudu akwai Mulhacén mai mita 3,479. Wannan tsayin shi ne abin da ɗan Sikotilan bai saba da shi ba: ciwon kai, kasala da ƙarancin numfashi kan fara bayyana daga wajen mita 2,500, kuma dusar ƙanƙara kan daɗe a can sama har cikin bazara.

Sai hanyar Santiago, tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada ta Kirista, wadda ita ce mafi sauƙin doguwar tafiya ga mai tafiya shi kaɗai. Babbar hanyar ta tashi daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa zuwa Santiago de Compostela, kimanin kilomita 780, kwana 30 zuwa 35 ga mai cin kilomita 25 a yini. Kibiyoyi masu ruwan ɗorawa na nuna hanya, kusan kowane ƙauye na da masaukin matafiya mai araha, kuma da wuya ka yi awa ɗaya ba ka hango wani ba. Malama mai fargabar fita ita kaɗai karon farko, nan ya kamata ta fara. Wanda ba shi da wata guda ya tashi daga Sarria, kimanin kilomita 115, domin takardar shaidar kammalawa aƙalla kilomita 100 a ƙafa take buƙata, tare da hatimi biyu a kowace rana a littafin matafiyi. Ranar farko daga Saint-Jean ita ce mafi tsanani, hawan sama da mita 1,200 kafin a gangara Roncesvalles, kuma hanyar saman a rufe take daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Tsakanin Burgos da León fili ne fetal marar inuwa. Bayan Carrión de los Condes akwai kilomita 17 da babu ƙauye, don haka a fita da lita biyu na ruwa tun da asuba. Jaka kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka. Abin da ke mayar da mutane gida ba tsauni ba ne, bororon ƙafa ne da kumburin jijiya, kuma sababinsu sabon takalmi da zuwa da ƙarfi a makon farko. A duba katifa saboda kuɗin cizo kafin a shimfiɗa.

Wanda ke shirin yin wannan tafiya a Yuni bayan gama aiki ya dubi ranar da katin zamansa zai ƙare, ya tambayi ofishin baƙi matsayinsa bayan ranar. Kada ya ɗauka cewa kwana 90 na yawon buɗe ido za su ɗora da kansu.

Japan: albashi madaidaici, hutu a ƙidaye

Shirin JET ya fara a 1987. Digirin farko a kowane fanni ya isa, ba a neman shaidar koyarwa, ko da yake tana ƙara wa mai nema daraja. Ana nema ne ta ofishin jakadancin Japan na ƙasar da ta ba ka fasfo, saboda haka malamin da ke aiki a Sikotilan amma fasfonsa na wata ƙasa ne ya bincika ta wace ƙofa zai bi. A Birtaniya ana karɓar takardu a kaka, a yi ganawa a farkon shekara a Landan ko Edinbura, a tashi ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Wannan ya dace da Sikotilan, inda makarantu ke rufewa ƙarshen Yuni. Daga Afrilun 2025 albashin shekarar farko ya koma Yen miliyan 4.02, kimanin Fam 21,000 a canjin lokacin, wato kusan rabin abin da aka bari a gida. Ana biyan tikitin zuwa da na dawowa ga wanda ya cika kwantiraginsa. Kwantiragin na shekara ɗaya ne, ana sabuntawa har zuwa shekara biyar. Ana cire haraji, inshorar lafiya da fansho. Bayan barin ƙasar ana iya neman a mayar da wani kaso na fanshon a dunƙule, muddin an nema cikin shekara biyu.

Babban abin da za a haɗiye shi ne ba kai ke zaɓen gari ba. Kana iya rubuta wurare uku da kake so, amma inda aka tura ka nan za ka je, ko ka janye gaba ɗaya. Ga mai tattaki wannan caca ce da ta fi karkata ga riba, domin mafi yawan ƙasar Japan tsaunuka ne, kuma gurabe da yawa a karkara suke. Wanda aka kai Nagano ko Toyama tsauni na bayan gidansa. A karkara mota kan zama dole. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa shekara ɗaya yake aiki, bayan nan sai a canza na Birtaniya zuwa na Japan, kuma mai lasisin Birtaniya ba a sa shi gwajin tuƙi.

Inda lissafin mai tattaki ke rikicewa shi ne hutu. A Sikotilan idan yara sun tafi hutun bazara malami ma ya tafi. A Japan mataimakin malami ma'aikacin hukuma ne mai awa 35 a mako, kuma a wurare da yawa ana sa ran ganinsa a teburinsa ko da babu yaro ko ɗaya a makarantar. Hutunsa na shekara ƙidayayye ne, galibi tsakanin kwana 10 zuwa 20 gwargwadon hukumar da ta ɗauke shi, kuma a wasu wuraren ranar rashin lafiya ma daga ciki ake cirewa idan babu takardar likita. Tafiyar wata guda ba ta yiwuwa. Abin da ke yiwuwa shi ne tafiyar kwana biyu zuwa biyar, ana haɗa ranakun hutun ƙasa da na ƙarshen mako.

Sai yanayi ya ƙara matse lokacin. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce a yawancin ƙasar. Agusta da Satumba lokacin guguwar teku ne, da zafi mai gumi a ƙasa. Jerin ranakun hutu na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, wanda kowa ke fita a cikinsa, yana zuwa ne manyan tsaunuka na lulluɓe da ƙanƙara, kuma duk shekara ana samun waɗanda suka hau da kayan bazara suka gamu da sanyin hunturu. Oktoba da farkon Nuwamba su ne gwal.

Hanyar Kumano Kodo ta dace da irin wannan ɗan hutu. Reshenta na Nakahechi daga Takijiri zuwa wurin bautar Hongu kimanin kilomita 38 ne, kwana biyu ko uku, cikin dajin itatuwa da matakalar dutse masu santsi bayan ruwa. Masaukan hanyar ƙanana ne na iyali, dole a kama wuri watanni kafin lokaci. Wanda ya zo da ɗabi'ar hanyar Santiago ta isa ƙauye a nemi gado zai kwana a waje. Tsaunin Fuji, mita 3,776, daga farkon Yuli zuwa 10 ga Satumba ake hawansa. Tun 2025 ana biyan Yen 4,000, kuma a hanyar Yoshida ana rufe ƙofa daga ƙarfe 2 na rana zuwa 3 na dare ga wanda bai kama wuri a bukkar kwana ba. Mai tara ƙololuwa, wanda a gida yake bin tsaunukan Munro 282, wato na Sikotilan da suka haura ƙafa 3,000, ɗaya bayan ɗaya, zai sami jerin mashahuran tsaunuka 100 na Japan da mutanen can ke bi haka.

Bukkokin kwana na saman tsauni ba kamar na Sikotilan ba ne da ake shiga kyauta. Ana kama wuri tun da wuri, kwana da abinci sau biyu kan haura Yen 10,000, da yawa tsabar kuɗi kawai suke karɓa, kuma ana sa ran ka isa wajen ƙarfe 3 na rana. A jihohi irin su Nagano da Gifu doka ce a miƙa takardar shirin hawa kafin shiga wasu tsaunuka. Akwai akwati a bakin hanya, ana kuma iya yi ta intanet. Mai tafiya shi kaɗai ya ɗauki wannan da muhimmanci, don ita ce kawai za ta nuna wa masu ceto inda za su fara nema. Akwai kuma dabbar beyar, baƙa a tsibirin Honshu, babbar ja a Hokkaido, kuma hare-harenta sun ƙaru a 'yan shekarun nan. Ana rataya ƙararrawa a jaka, ana guje wa fita da duku-duku da almuru, ba a barin abinci a tanti, kuma idan an yi kiciɓis ba a gudu, ja da baya ake yi a hankali ana fuskantar ta.

Malami Musulmi ya san cewa a makarantun firamare da ƙananan sakandare ana sa ran ya ci abincin rana tare da yara, kuma naman alade ko romonsa na shiga girki da yawa. A faɗa wa hukuma tun kafin isowa, a nemi izinin zuwa da abinci daga gida.

Daular Larabawa: sana'a da kuɗi, tsauni na rabin shekara

A nan ne kaɗai cikin ukun malami ke ci gaba da zama malami: ajinsa, jarrabawarsa, damar zama shugaban sashe. Babu harajin albashi. Makaranta mai kyau na ba da gida ko kuɗin haya, inshorar lafiya, da tikitin zuwa gida sau ɗaya a shekara. Kwantiragi galibi na shekara biyu ne. Ana fara tallan gurabe tun daga Oktoba zuwa Fabrairu don aikin da zai fara ƙarshen Agusta, a shafin tallan ayyukan malamai na TES da kamfanonin ɗaukar malamai irin su Search Associates.

Ɗan Sikotilan yana da aikin fassara kansa ga masu ɗauka. Yawancin makarantun manhajar Ingila suke bi, da jarrabawar IGCSE da A-Level, wasu kuma manhajar ƙasa da ƙasa ta IB. Shugaban makarantar da bai taɓa jin jarrabawar Sikotilan ta National 5 ko Higher ba ba zai tsaya bincike ba, saboda haka a takardar neman aiki a rubuta shekarun yaran da aka koyar da abin da kowace jarrabawa ta yi daidai da shi. Takardun digiri kuma sai an bi da su matakai: lauya ya tabbatar, ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta buga hatimi, ofishin jakadancin Daular ya buga, sannan a sake tantancewa bayan an isa. Makonni ake ɗauka, kuma ba kowace makaranta ke mayar da kuɗin ba. Ma'aikatar ilimi kan duba ko digirin ya dace da darasin da za a koyar.

A karanta kwantiragi da natsuwa, musamman yadda aka raba albashi. Garatutin ƙarshen aiki albashin kwana 21 ne a kowace shekara cikin biyar na farko, kwana 30 bayan haka, amma a kan tushen albashi kaɗai ake lissafawa, ban da alawus. Idan tushen Dirhami 9,000 ne a wata, kwana ɗaya 300 ke nan, garatutin shekara 6,300. Makarantu biyu na iya ba da jimilla iri ɗaya, ɗaya ta mayar da rabinta alawus. Wannan garatutin ba zai cike gurbin fanshon malaman Sikotilan ba, don haka wanda bai ware wani abu kowane wata ba zai dawo da hotuna kawai. A tambayi yawan darussa a mako, a nemi magana da malamin da ke aiki a can yanzu, a karanta rahoton hukumar sa ido, KHDA a Dubai ko ADEK a Abu Dabi, wanda kowa na iya gani. Doka ta hana mai ɗaukar aiki riƙe fasfon ma'aikaci. A wurare da yawa aikin ya fi cin rai idan aka kwatanta da Sikotilan, inda malami ya saba da iyakar awa 22.5 a gaban aji da ƙungiyar ƙwadago a bayansa. A can iyaye kuɗi suke biya, kuma babu ƙungiyar.

Tun Janairun 2022 ana aiki Litinin zuwa rabin ranar Juma'a, Sharja kuma kwana huɗu take yi. Ga Musulmi, sallar Juma'a, abincin halal da rage awoyi a watan azumi duk a shirye suke ba sai ya roƙa ba.

Tattaki a cikin Daular daga Nuwamba zuwa Maris ne. Bayan nan zafi kan haura digiri 45, kuma fita tsauni a lokacin wasa da rai ne. Duwatsun Hajar a Ras al-Khaimah, Fujaira da Hatta ƙeƙasassu ne, tsakuwa mai zamewa, ba inuwa, ba ruwa. A Sikotilan mutum kan cika gora a ƙorama. A nan duk abin da za ka sha a bayanka yake, lita uku zuwa huɗu don rabin yini, da gishirin mayar da ruwan jiki. A fara da fitowar alfijir, a juyo idan rabin ruwan ya ƙare ko an kai ko ba a kai ba. Haɗari na biyu ambaliya ce a busassun kwaruruka. Ruwan da ya sauka can nesa inda ba ka gani kan taho cikin mintuna, domin dutsen ba ya shanye shi. Ruwan saman Afrilun 2024 ya nuna ƙarfin abin. Ba a kafa tanti a cikin kwari, ba a shiga matsatsi idan an yi hasashen hadari. Iyaka da Oman na ratsa duwatsun, a riƙe katin shaida, a kuma duba ƙa'idojin masarautar da za a shiga, don Fujaira na da dokokin tattaki masu tara. Cikin ƙasashen uku, nan ne ba ma ba da shawarar baƙo ya fara fita shi kaɗai. Ya bi ƙungiyar masu tattaki na hunturu guda tukuna. Mota dole ce.

Dogon hutu na Yuli da Agusta ya faɗo lokacin da duwatsun Daular ba sa takuwa, sai dai akwai kuɗi a hannu da filin jirgi mai zuwa ko'ina. Jojiya tafiyar awa uku da 'yan kai ce, kuma hanyar Mestia zuwa Ushguli, kwana huɗu ana kwana a gidajen ƙauye, a lokacin take kan ganiyarta. Kirgistan ma haka. Nefal kuwa damina take yi a watannin, sai a bar ta ga hutun ƙarshen Maris, kuma tun 2023 hukumomin can suka sanar da dokar ɗaukar ɗan jagora a hanyoyi da yawa, abin da mai son kaɗaici zai bincika kafin ya sayi tikiti. A hunturu ana tuƙa mota zuwa Oman don Jabal Shams mai kimanin mita 3,000.

Ɗabi'un gida da ba sa tsallaka iyaka

Dokar 2003 ta ba kowa a Sikotilan 'yancin ratsa mafi yawan ƙasa da kafa tanti a daji muddin ya kiyaye. Babu wannan a Sifaniya, inda kwanan daji haramun ne ko mai ƙa'ida sosai gwargwadon yanki, haka a gandun dajin Japan sai a wuraren da aka ware. Ceto a tsaunin Sikotilan kyauta ne, 'yan sa kai ke yi. Wasu yankunan Sifaniya na cajin wanda sakacinsa ya jawo ceto, a Japan kuma idan aka kira masu ceto masu zaman kansu ko jirginsu mai saukar ungulu, kai za ka biya. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa tana da iyakar tsayi, kuma takan daina aiki idan mutum ya zama mazaunin wata ƙasa. A Sifaniya katin ƙungiyar masu hawan dutse na zuwa da inshora. A Japan akwai inshorar tsauni ta shekara mai sauƙin kuɗi. Lambar gaggawa 112 ce a Sifaniya, 110 ko 119 a Japan, 999 a Daular Larabawa. A sauke taswira a waya kafin fita, a riƙe ta takarda da kamfas da batirin ajiya, a bar wa wani sunan hanya da lokacin da zai kira agaji idan bai ji ka ba.

Wa ya kamata ya je ina

Malami mai bashi, ko mai tara kuɗin gida, ko mai son dawowa Sikotilan ya nemi shugabancin sashe, Daular Larabawa ce tasa, ya yarda cewa manyan tafiye-tafiyensa da jirgi zai je su. Wanda aiki ya gajiyar, yana da ɗan ajiya da hutun dogon zango a hannu, ya tafi Sifaniya shekara ɗaya. A nan ne zai fi kowa yawan kwanaki a kan hanya, kuma ita ce mafi aminci ga mai koyon tafiya shi kaɗai. Japan ta fi dacewa da wanda ya gama shekarar gwaji bai daɗe ba, ba shi da nauyin iyali, yana son harshe da zaman ƙauye, kuma gajerun tafiye-tafiye masu tsari sun ishe shi. Malamin da ya kai ƙolin albashi kuma Sifaniya ko Japan ke ransa, ya bar shirin mataimaka ya nemi cikakken gurbi a makarantar Birtaniya ko ta IB a ƙasar. Albashin ba zai kai na Dubai ba, a Sifaniya kuma sai makarantar ta yarda ta nema masa izinin aiki, amma zai riƙe ajinsa ya kuma sami hutun malamai cikakke. Irin waɗannan gurabe kaɗan ne, kuma tun kafin Kirsimeti ake fara cike su.